Waƙar Ladi a Bakin Waɗanda Ba Su San Ta Ba

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayana Sule. A Makka ya cika, a ɗakinsa da ke saman wani tsohon gida a Tandabawi. Aka yi masa salla a Harami bayan la'asar tare da sauran mamatan ranar, aka wuce da shi maƙabarta a bayan gari. Ni mace ce, ban raka shi ba, kuma har yau ban san inda yake kwance ba. Mazan da suka raka shi ma ba za su iya nuna wurin ba yanzu, don kaburburan nan ba a rubuta musu suna. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan dafa abinci in raba wa maƙwabta, in yi masa addu'a, in ja bakina. Bana ne kawai shirun ya gagare ni, saboda wani abu da ɗansa ya nuna mini a waya.

Mutanen Makka sun san shi da Alhaji Sule direba. Motar alhazai yake ja tsakanin Aziziyya da Harami, idan aikin hajji ya wuce kuma ya koma jigilar masu umara. Dogo ne, mai farin gemu, maganarsa ba ta da yawa. Idan ka shiga motarsa ba abin da za ka ji sai karatun Alƙur'ani ko ƙarar inji. A duk Hausawan da ya zauna da su a garin nan, daga Tandabawi har Hindawiyya inda nake, ba na jin akwai wanda ya taɓa jin ya ɗaga murya da waƙa, ko da ta rarrashin jariri ce. 'Ya'yansa ma ba su taɓa ji ba.

Ni kuwa na san wani Sulen daban. A Fagge aka haife mu, a Kano, shi ne babba, ni ce auta. Ina 'yar makaranta lokacin da ya tara suma, ya fara sa wando mai faɗin ƙafa, ya shiga wata ƙungiyar makaɗa da ke wasa a wani otal a Sabon Gari. Mahaifinmu ya daɗe ba ya amsa gaisuwarsa a kan haka. Kiɗan da suke yi na baƙaƙen fatar Amurka ne, wanda ake kira sol. Ga wanda bai san shi ba, kiɗa ne da muryar mawaƙi ke gaba, kayan kiɗa suna biye da ita a hankali, shi kuma mawaƙin yana roƙo ne, yana lallashi, wani lokaci kamar zai fashe da kuka. Yaya Sule ya koye shi daga faya-fayan garmaho. Waƙoƙin mutane yake rerawa da Turancin da bai gama ganewa ba, ana tafa masa. Tasa ta kansa guda ɗaya ce tak, da Hausa ya yi ta, kuma da ya san abin da zai haife ta da ya roƙi Allah kada ya taɓa yin ta.

Yana da 'ya a wurin matarsa ta fari, Asabe. Sunan mahaifiyarmu aka sa mata, shi ya sa muke ce mata Ladi, don ranar Lahadi ta zo duniya. Yarinya ce mai surutu, mai wushirya, ba ta cika shekara biyar ba. Wata damina, da yamma, ta bi agwagin maƙwabta zuwa kududdufin da ke bayan layinmu. Har aka kira magariba ba a gan ta ba. Muka bazu cikin unguwa muna nema. Abin da ba zan manta ba shi ne muryar Yaya Sule, yana bin lungu-lungu yana kiran sunanta, ba da ihu ba, a hankali, kamar yana tsoron kada ya firgita ta ta ƙi fitowa. Takalmanta aka fara gani a bakin ruwa, an jera su tsaf. Ita kuwa sai washegari masu iyo suka fito da ita.

Bayan wasu watanni ya yi waƙar. Fiyano ne ke fara ta shi kaɗai, a sanyaye, kamar tafiyar wanda ya gaji. Mai ganga da ƙyar yake taɓa gangar. Sai muryarsa ta shigo:

"Ladi, taho gida, magariba ta yi,
An zuba tuwo, ke kaɗai ake jira."

Akwai wani baiti a tsakiya inda yake ce mata ya ɗauko takalmanta, ya ajiye mata su a bakin ƙofa. A nan muryarsa ke karyewa, sai mai busa ƙaho ya karɓa ya ƙarasa masa abin da ya kasa faɗa. Da suka je Legas ɗaukar ta a faifai, mai ɗaukar ya ce a sake wurin, muryar ta lalace. Yaya Sule ya ce ko a bar ta haka ko a fasa. Faifan bai yi kasuwa ba. Masu zuwa otal rawa suke so, ba makoki ba, Hausawan cikin gari kuma ba sa sauraron irin wannan kiɗa. Aurensa da Asabe bai kai labari ba bayan haka, kowannensu ya kalli ɗan'uwansa yarinyar yake gani. Wata rana ya jingine jitarsa a ɗakin da suke ajiye kaya, ya aske sumarsa, ya je ya durƙusa gaban mahaifinmu. Shekarar ya tafi aikin hajji, bai sake taka Kano ba.

Ni ma daga baya aure ya kawo ni Makka, maigidana tela ne a Hindawiyya. A ƙasan akwatina na taho da kaset ɗin da na sa aka ɗaukar mini waƙar daga faifan. Lokacin Yaya Sule ya sake aure, ya haifi yara, ya zama mutumin da na faɗa muku. Na daɗe kafin na gaya masa ina da shi. Da na gaya masa sai ya ce, "Rabi, ki ajiye abinki, amma kada yarana su ji."

Sau ɗaya tak ya nemi ya saurara. Wata Juma'a ce, ya biyo daga masallaci, ya tarar ni kaɗai a gida. Ya sha ruwa, ya zauna a tabarma, can ya ce, "Abin nan yana nan?" Na ɗauko rakoda na sa, na rage murya don maƙwabta. Ya sunkuyar da kai har ta ƙare, carbinsa a hannu bai ja ko ɗaya ba. Da ta ƙare ya yi istigfari, ya share fuskarsa da gefen rawaninsa.

Na ce, "Yaya, in sake sawa?"

Ya ce, "A'a. Na tuba daga kiɗa, Rabi, kuma ban yi nadama ba. Wannan ce kawai har yau ban sani ba, ko kiɗa na yi ko kuka."

Ya tashi ya sa takalmansa ya tafi. Ba mu sake maganar ba har ya bar duniya. Kaset ɗin ma bai daɗe bayansa ba. Da aka rushe layinmu na dā muka yi ƙaura, kwalin da yake ciki ya yi rani guda a saman bene, zafin Makka ya narkar da zaren ya manne. Na yi kuka a ranar, amma na lallashi kaina da cewa ai waƙar tana cikin kaina, kuma shi ma mai ita ba ya son a ji ta.

Faisal shi ne autansa. A nan aka haife shi, a wani shagon waya yake aiki a Aziziyya. Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa da ta cin abinci ba, sauran duk Larabci ne, ni ma Ammati yake ce mini maimakon Gwaggo. Watannin baya ya faɗo gidana ko sallama bai gama ba, waya a hannu, yana haki.

"Ammati, shufi, duba! Baba ne, wallahi Baba ne!"

Na sa tabarau na karɓa. Wani fili ne a ƙasar Turai, cike da mutane iya ganin ido. A kan dandamali wasu Turawa ne masu dogon gashi riƙe da jitocin lantarki, irin masu kiɗan da ake kira rok. A bayansu an haska wani ƙaton hoto: saurayi mai suma, da riga mai faɗin wuya, yana murmushi, an rubuta sunansa a ƙasa. Yayana ne. Ashe wani daga cikinsu ya tsinci faifan a wurin masu sayar da tsofaffin kaya. Fili ya yi tsit, sai na ji ƙarar allurar garmaho, sai fiyano, sai muryar Yaya Sule, ta ƙuruciya, tana cewa, "Ladi, taho gida." Ban gama jan numfashi ba ganguna suka faɗo a kan muryar kamar an rushe katanga, jitoci suka kama kururuwa, mawaƙinsu ya daka tsalle ya fizgi waƙar. Iyakar abin da suka bari na yayana ke nan, layi guda, sauran duk nasu ne.

Na sha kallon abin tun daga ranar, ba don ina so ba, kuma na yi ƙoƙari in yi musu adalci. Ba su ɓoye sunansa ba. Sun iya sana'arsu, mai jitar nan yatsunsa kamar ba na mutum ba. Har na taɓa ce wa kaina wataƙila fushin da Yaya Sule ya haɗiye shekara da shekaru ne ya fito ta hannunsu. Amma ƙarya nake wa kaina, babu fushi a abin da suke yi, murna ce zalla. Sun ninka saurin waƙar. Inda yayana ke roƙo, mawaƙinsu umarni yake bayarwa, yana nuna 'yan matan da ke gaba da yatsa yana kashe musu ido. Kalmomin a tauye suke fita daga bakinsa, magariba ta koma wani abu da ba Hausa ba. Baitin takalma sun cire shi ɗungurungum, ina jin ya yi musu wuyar faɗa, sun sa kukan jita a wurin.

Abin da ya fi ci mini rai kuwa ƙarami ne, wanda bai san waƙar ba ba zai lura da shi ba. A ta asali, duk lokacin da Yaya Sule ya ce "Ladi", sai komai ya tsaya. Fiyano ya yi shiru, ganga ta yi shiru, na ɗan lokacin da yarinya za ta ce "Na'am". Ba ta amsawa, sannan ya ci gaba. Waƙar gaba ɗaya a kan wannan shirun aka gina ta. Su Turawan sun lura da gurbin, amma sun ɗauka an bar shi ne don 'yan kallo. Mawaƙin ya ce "Ladi", ya miƙa makirfo ga jama'a, fili duka ya amsa da ihu guda, hannuwa a sama, kofunan giya suna fantsama.

Faisal yana gefena yana dariya, idonsa har da ƙwalla don alfahari. Ya ce, "Wace ce Ladi, Ammati? Budurwarsa ce kafin ya auri Ummi? Ashe Baba ma an taɓa soyayya!"

Na ajiye wayar. Na tuna amanar da uban ya bar mini, na kuma dubi yaron da ke dariya a kan sunan yayarsa. Na ce, "Zauna, Faisal." Na ba shi labarin, rabi da Hausa rabi da Larabci, tun daga agwagi har zuwa takalma. Kalmar kududdufi ce ta ba ni wahala, ban san ta da Larabci ba, sai da na kwatanta masa da hannu.

Ya ɗauki wayar ya kife ta. Can ya ce, "Ya'ani ina da yaya? Kuma bai taɓa faɗa mana ba?"

Na ce, "Bai iya ba ne."

"To rera mini yadda ya yi ta."

Na rera, da muryar tsohuwa, ba fiyano ba ƙaho. Ya saurara da ladabi, kansa a ƙasa irin na ubansa. Da na gama ya sumbaci goshina ya ce, "Ammati, tana da nauyi. Na kasa kama ta." Bai faɗa don raini ba. Kalmomin ba su shiga kunnensa yadda suke shiga nawa, bai taɓa ganin Fagge ba, bai san yadda magariba ke sauka a unguwar da aka yi ruwa ba. Ya nemi faifan asali ta waya har ya gaji, babu. A ƙarƙashin bidiyon mutane sun yi ta rubutu da harsuna iri-iri, ya karanta mini wani da ke bayani wai waƙar biki ce daga Afirka, ango na kiran amaryarsa. Faisal ya rubuta musu gaskiyar magana da ɗan Turancinsa. Ba wanda ya tanka, rubutun ya nutse a cikin na masu yabo. Har yau idan ya zo ɗaukata a mota nakan ji ya yi saurin kashe waƙar Turawan kafin in buɗe ƙofa. Na taɓa yi masa magana, ya ce, "A nan kaɗai nake jin muryarsa, Ammati. Ina zan je?"

Abin bai tsaya a gidana ba. Bidiyon ya bi wayoyin Hausawan Makka, daga wannan ɗaki zuwa wancan. Matan da suka ci abincin sadakarsa shekara da shekaru suka fara tare ni a hanya: "Hajiya Rabi, ashe Alhaji Sule makaɗi ne?" Wasu da dariya, wasu da jimami. Wata tsohuwa da muke zuwa karatu tare ta riƙe hannuna, da kyakkyawar niyya, ta ce in yawaita masa addu'a, don duk lokacin da aka kunna abin nan aka yi rawa, shi ake rubuta wa zunubin. Maganar ta hana ni sukuni. Na samu malamin da ke koya mana karatu, wani ɗalibin ilimi ɗan Sakkwato, na tambaye shi ta bayan labule. Ya ce, "Hajiya, mutumin da ya tuba ya bar abu, bai sa kowa ba, bai ma sani ba, ki kyautata zato ga Ubangijinsa." Kaina ya karɓa. Zuciyata ce har yanzu takan tashi idan na tuna mutumin da ya kwashe rabin rayuwarsa yana rufe wata ƙofa, ya mutu yana ganin ya rufe ta, sai ga ta an ɓalle a gaban duniya.

Nakan tambayi kaina, da zai ɗago kai yau, me zai ce? Garin da ya sani ba shi ne wannan ba. Lungunan da yake bi zuwa Harami a ƙafa, da yawa sun zama fili ko dogayen gine-gine. Kaset ɗin da muka saurara muna rage murya don tsoron maƙwabta, yau jikokin maƙwabtan ne ke tafiya Jidda kallon mawaƙa a bainar jama'a, Faisal ma yakan bi su. Babban ɗan Yaya Sule kuwa, matsalar iƙama, wato takardar izinin zama, ta mayar da shi Najeriya, ƙasar da bai sani ba, yana can yana fama. Ba na jin waɗannan za su ba Yaya Sule mamaki, ya san duniya ba ta zama wuri ɗaya. Amma idan aka miƙa masa wayar nan, ya ga hotonsa na samartaka ya fi gida tsawo, ya ji dubban mutane suna amsa kiran da 'yarsa ba ta amsa ba, ban san wace fuska zai yi ba. Na gode wa Allah da ban gani ba.

Masu ta'aziyya sukan ce mutum yana barin abin da za a tuna shi da shi. Na zauna na auna abin da yayana ya bari. Alhazan da ya yi ta ɗauka, yana sauko da tsofaffinsu a hannu, sun koma ƙasashensu ba su san sunansa ba, ladan wannan yana wurin Allah. Asabe ta rasu. Abokan kiɗansa ban san ko ɗaya da ke raye ba. Kududdufin ma, in ji 'yan'uwa da ke zuwa umara, an cike shi an yi shaguna a kai. Wanda ya ga fuskar Ladi da idonsa, ya san tana da wushirya, a iya sanina ni kaɗai na rage. Abin da ya yi nisa a duniya da sunan Sule shi ne abin da ba shi ya yi ba, wanda ya yi kuwa ba shi da mazauni sai ƙwaƙwalwar mace mai ciwon suga da hawan jini.

Ita ma ƙwaƙwalwar ta fara ba ni tsoro. Kwanan baya ina tsintar shinkafa na ji bakina yana rera waƙar, ƙafata tana buga ƙasa. Da sauri nake yin ta, irin tasu. Na tsaya, na yi a'uziyya, na koma farko a hankali. Na nemi inda ƙaho ke shigowa na rasa, kukan jita ne ke zuwa a wurin. Baitin takalma ma akwai kalma guda da na kasa tabbatarwa, ko "na ajiye miki" ya ce ko "na jera miki", kuma babu wanda zan tambaya.

Faisal ya ce Juma'a mai zuwa zai zo da waya mai kyau daga shagonsu ya ɗauki muryata, don 'ya'yansa su san yadda kakansu ya yi ta. Na ce masa ya bari tukuna, maƙogwarona ba daɗi. Maƙogwarona lafiya lau yake. Ban sani ba ne ko abin da zan rera masa na ubansa ne.

Allah Ya jiƙan Sule ɗan Fagge, Ya karɓi tubansa, Ya sada shi da yarinyarsa.